Abin da Ya Sa Na Mayar da Hauwa Kano

Safiya da Mukhtar, ku biyu kun tashi da labari guda a kan shekarar da Yayarku ta bar mu a Guangzhou: wai biza ce ta yi wuya saboda gasar Olamfik, dole aka rage mutanen gida, da yake ita ce babba sai aka tura ta Kano wurin Gwaggo Ladi, yayar Abbanku. Ni na tsara wannan labari, Abbanku ya amince da shi, muka yi ta maimaitawa har ya zauna. Biza kam ta yi wuya a shekarar, wannan gaskiya ne. Sai dai na yi shekara goma sha huɗu ina aiki a gidan rediyo kafin in bi Abbanku ƙasar Sin, na kuma san yadda ake jera ƙananan gaskiya a gaba domin babbar ta ɓuya a bayansu. Ita Hauwa da wani labari daban ta tashi, wanda ba wanda ya faɗa mata, ita ta haɗa wa kanta: cewa ta yi abin kunya aka kore ta. Duka biyun ba haka ba ne. Abbanku ya rasu, ni kaɗai na rage a cikin waɗanda suka san yadda aka yi. Zan faɗe shi a jere, yadda aka koya mini karanta labarai.

Sai na fara da abin da ku ba ku taso kun gani sosai ba. A gidanmu na Kano uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta zama da shi su yi doguwar hira. Ni ma 'yar fari ce. Har ta koma ga Allah mahaifiyata ba ta taɓa kira na Binta ba. "Ke" take cewa, ko "waccan". Ban taɓa jin an ƙi ni ba, domin gidan cike yake da mutane. Ranar da na fara ganin jinin al'ada kakata ce ta ja ni ɗakinta, tana tsokanata tana dariya, wai yau ta samu abokiyar gulma. Cikin rabin awa ta gaya mini komai, har da abin da ban tambaya ba. Abin da ta manta, ƙanwar babana ta ƙarasa washegari a bakin murhu. Tsarin yana aiki, domin in baki ɗaya ya yi shiru akwai biyar da ke magana. Da na haifi Hauwa na yi mata yadda aka yi mini. Da muka tashi tafiya na ɗauko shirun na taho da shi, na baro bakunan biyar a Kano, kuma ban lura ba.

Muna zaune a unguwar Xiaobei, wadda mutanenmu ke kira Shawbe, a hawa na goma sha bakwai, ɗaki biyu da falo. Ofishin Abbanku yana benen Tianxiu, tafiyar minti goma a ƙafa in an bi ta gadar sama. Wayoyi yake saya wa 'yan kasuwar Kano, irin masu layi biyu da ƙarar da za ta tashi unguwa. Ni ke rubuta takardu da amsa kira, tunda murya ce kaɗai abin da na taho da shi daga tsohon aikina. Akwai 'yan kasuwar da kan kira daga gida su yi ta jan magana don kawai su ji "muryar Laraba". Shirin da aka san ni da shi ke nan, na lafiyar iyali, duk Laraba da yamma. A cikinsa na yi bayanin balaga, da al'ada, da ɗaukar ciki, da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, ga mutanen da ban san adadinsu ba. Mukan zauna mu huɗu mu shafe awa guda muna auna kalma ɗaya, kada ta zama batsa, kada kuma a lulluɓe ta har a kasa gane ta. Na iya wannan aiki. Ina so ku riƙe wannan, don kada wani ya yi mini uzurin rashin sani.

Hauwa tana da shekara goma sha biyu, ta shiga ta sha uku. A cikinmu ita kaɗai ke karanta Sinanci ba tare da lalube ba, saboda haka duk Asabar tana da aiki a ofis. Kamfanoni sukan aiko da samfur, waya biyar ko goma, a gwada kafin a yi oda. Takan zauna a ƙarshen tebur ta kunna su ɗaya bayan ɗaya, ta juya harshen daga Sinanci zuwa Turanci, ta gwada lasifika da kyamara, ta buɗe katin memori ta ga ko yana karantawa. Tana son aikin. In lawban ya kira, wato mai kamfani, ita ke karɓa, ta dinga ce masa "meyo, meyo", babu, babu, tana kaɗa kai kamar tsohuwar dillaliya, Abbanku yana dariya har da riƙe ciki. Ni nakan ci gaba da rubutuna kamar ban ji ba, alhali babu kalmar da ta wuce ni.

A shekarar nan hukuma ta ƙara matse intanet. Dama a toshe yake ta wurare da yawa, amma da gasar ta matso sai aka ƙara ƙaimi: ana rufe shafukan batsa, ana kama masu su, shagon intanet ba ya barin yaro ya shiga, babba ma sai ya nuna shaida. 'Yan kasuwa suna ƙorafi domin wasu shafukan da suke buƙata sun tafi a ciki, amma a kan wannan fanni ɗaya kowa yabo yake. Bayan sallar Juma'a ofishinmu yakan cika, ana shan shayi ana labarin gida, yadda yara ke yini a kafe a Kano suna kallon abin da baki ba zai iya faɗa ba.

"Mutanen nan ba sa salla," in ji Abbanku, "amma wallahi sun fi mu kishin 'ya'yansu. Ka danna, babu. Ka sake dannawa, babu. Meyo! Ni ko don wannan ba zan mayar da iyalina gida ba."

"Alhaji, kai da har yanzu 'yarka ke buɗe maka imel, me ka danna ka ga babu?" wani abokinsa ya ce, aka kwashe da dariya.

"To ai shi ya sa nake kwana da hankalina. Ita ke dannawa, kuma Chaina ta rufe."

Ina daga teburina ina jin daɗin maganar. Na yarda da dokar a lokacin, kuma har yau ban ce ba ta da amfani ba. Abin da bai kamata yaro ya gani ba, gara a nesanta shi da shi. Kuskurena shi ne na ɗauka dokar ta yi mini aikina. Na ɗauka tunda an hana ta gani, babu sauran abin da za a faɗa mata.

Ana cikin haka makarantarsu ta aiko da takarda. Makaranta ce mai zaman kanta, yawanci 'ya'yan baƙi. Za a yi wa 'yan ajinsu darasi na mako shida a kan jiki da balaga, mata daban maza daban, wata nas ce za ta koyar, iyaye su sa hannu ko sun yarda ko ba su yarda ba. Hauwa ba ta ba ni a hannu ba, a kan firji ta ajiye. Na karanta jerin darussan daga sama har ƙasa. Kusan jerin shirina ne na Laraba. Abu ɗaya ko biyu ne kawai da ni ce da na sauya musu wuri.

"Mece ce wannan?" Abbanku ya tambaya da ya gan ta a hannuna.

Na gaya masa.

"A'a. Ƙasar da ta rufe abin a intanet, sai kuma a buɗe shi a aji? Wata can ta zauna ta koya wa 'yata abin da ba ta ma san da shi ba? Binta, ke da kika san kan abin nan, in lokaci ya yi ai kina nan."

"In lokaci ya yi Yaya Ladi za ta yi mata magana," na ce.

"Yaya Ladi tana Gwammaja."

"Akwai waya."

Na san Abbanku; da na ce a bar ta ta shiga, zai yi gunaguni kwana biyu ya haƙura. Ni ce na ɗauki biro na sa alama a gidan "ban yarda ba". Mako shida, duk Talata, Hauwa tana zaune a laburare ita da wata yarinya 'yar Yaman, sauran suna aji.

Abin da ya biyo baya, daga baya na haɗa shi. Wani sabon kamfani ya aiko da samfur. Kamfanoni sukan zuba waƙoƙi da gajerun fina-finai a katin don a ga ƙarfin wayar. Abbanku ya daɗe da gaya wa waɗanda yake hulɗa da su su zuba karatun Alƙur'ani ko su bar katin babu komai. Wannan sabo ne, bai sani ba, kuma akwai masu saye da ke son a zuba musu ƙazanta a matsayin kyauta, sai ya ɗauka duk haka muke. Ba ta intanet abin ya shigo ba. A cikin kwali ya zo, ni na sa hannu na karɓa, ni na tura wa Hauwa shi ƙarshen tebur. Taku uku ne tsakanina da ita. Na tuna ta miƙe ta ce za ta banɗaki, ta daɗe. Da ta dawo ta ce waya ɗaya ba ta zo da kati ba. Na rubuta a takarda: ɗaya babu kati.

Daga ranar ta sauya. Ta ce ba ta son aikin Asabar, kanta na ciwo. Ta daina zama kusa da Abbanta; in ya shigo falo sai ta tashi. Tana wanka sau uku a yini. Abincin da take ci bai fi na Mukhtar ba, shi da yake shekara huɗu. Na ga duk wannan, na ce zafin Guangzhou ne, domin a watannin nan iska kanta jiƙe take.

Wata Lahadi da hantsi ina yanka kuɓewa a kicin, talabijin yana ta nuna shirye-shiryen gasar, Hauwa ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Ban juya ba, amma ina ganin inuwarta a jikin tayil.

"Umma."

"Na'am."

"In mutum ya ga abu ba da gangan ba, Allah zai kama shi?"

Na san irin wannan tambaya. Na karanta su ba adadi a wasiƙun masu sauraro, kuma wadda aka fara da "in mutum" ba ta taɓa zama a kan wani mutum ba. Da a rediyo ne da na ce madalla da wannan tambaya, bari mu ɗauke ta daki-daki. Wuƙa tana hannuna, na ci gaba da yanka.

"Ranar Juma'a Gwaggonki za ta kira, ki tambaye ta," na ce. "Miƙo mini gishiri."

Ta miƙo mini gishirin.

Ranar Juma'a Gwaggo Ladi ta kira. Layin yana yankewa, mu biyar a falo muna karɓa bi da bi. Me yarinya za ta tambaya a haka? Ta gaishe ta, ta miƙa wa Safiya.

Wadda ta gano ita ce Ramatu, wata 'yar Maraɗi da ke karatun likita a jami'a a can birnin. Takan zo mana ƙarshen mako ta ci tuwo ta yi wa yara kitso. Ranar tana yi wa Hauwa kitso a ɗaki, ƙofa a rufe, na ji shirun ya yi yawa. Bayan la'asar ta same ni a baranda ina kwashe shanya, ta ja ƙofar gilashi ta rufe, ta buɗe tafin hannunta. Katin memori ne, an naɗe shi a takarda an ɗaure da zare. Ta gaya mini abin da ke ciki da kalma biyu.

"Tanti, sati biyar wannan abu yana cikin takalmin ɗiyarki. Ta ji tsoron jefa shi a shara kada Safiya ta tsinta, ta ji tsoron maida shi kada babanta ya gani. Kuma kwana goma bayan ta gani, jini ya zo mata. Karon farko. Ta ɗauka azaba ce Allah ya saukar mata. Tsohon ɗankwalinta take yankawa. Kusan wata guda ke nan tana jiran mutuwa ita kaɗai."

Na kama igiyar shanya na riƙe.

"Kin yi mata bayani?"

"Na yi mata na likita. Na ce ba ciwo ba ne, na ba ta audugar da ke jakata. Amma ba nawa take so ba." Ta dube ni. "Tanti, ni fa na san muryarki tun ban san huskarki ba. Rediyon innata, ran Laraba, mu huɗu a bayan ɗaki muna saurare a ɓoye. Ke kika hwaɗa mini mi ke faruwa da jikina. Ke kika sa na shiga lakwal, makarantar likita. To ita da ke gida ɗaya da muryar nan, mi ta yi?"

"'Yar fari ce, Ramatu."

"Mu ma muna yi a Maraɗi. Amma a nan wa za ki ba? Lawban?"

Ta yi 'yar dariya don ta sassauta maganar. Ni ban iya ba.

Washegari na gaya wa Abbanku a ofis, kafin mutane su fara zuwa. Ban taɓa ganin fushinsa irin na ranar ba. Ya kira mutumin kamfanin ya yi ta yi masa ihu da Turancin kasuwa, yana cewa zai kai shi wurin 'yan sanda, dokar ƙasarsu ce za ta ɗaure shi. Ya sa filaya ya karya katin gida huɗu. Daga ranar shi yake gwada kowane kati da kansa, da tabarau a kan hanci, yana lalube. Da ya huce ya zauna ya riƙe kai.

"Shi ya sa take guduna," ya ce. "Binta, ni namiji ne, ba zan iya ba. Ki yi mata magana. Ki ce mata ni ne dai Abbanta."

Na shirya kamar yadda nake shirya shiri. Na rubuta a takarda. Na farko, ba laifinki ba ne, kuma Allah ba ya kama wanda bai yi niyya ba. Na biyu, jinin nan lafiya ce, kowace mace tana yi, ni ma ina yi. Na uku, abin da kika gani sana'ar wasu ce, ba haka aure yake ba, ba haka mutanen da ke ganin girman juna suke ba. Na huɗu, Abbanki yana nan yadda kika san shi. Na auna kowace kalma. Na karanta a gaban madubi, minti goma sha ɗaya, babu tuntuɓe ko ɗaya. Na tura ku wurin maƙwabta, na shiga ɗakinku. Tana zaune a bakin gado. Ta ga takarda a hannuna, ta gyara zama, ta ɗago kai ta dube ni. A situdiyo babu mai duban ka. Akwai makirufo, akwai jar fitila, akwai gilashi. Shekara goma sha huɗu ina magana da mutanen da ba na ganin idonsu. Ga nata a gabana, irin na mahaifiyata sak, suna jira.

"Kin yi la'asar?" na ce.

"Na yi, Umma."

"To."

Na zauna kusa da ita kamar minti biyar. Na gyara mata zanen gado. Na fita. Sau uku na gwada a makon nan. A na ukun ban ma wuce ƙofa ba.

A daidai lokacin ne maganar biza ta yi zafi. 'Yan sanda suna hawa gidaje suna duba fasfo, wanda ya saba samun shekara sai a ba shi wata guda, mutane suna ta komawa, rabin shagunan hawanmu a rufe. Tamu takardar da sauranta, Abbanku yana da rajistar kamfani, babu wanda ya ce mu rage kowa. Amma na ga ƙofa. Na ce wa Abbanku a tura ta wurin Yaya Ladi ta yi azumi da salla a can, a yi mata abin da ake yi wa 'ya mace a gida, bayan wata uku ta dawo.

"Binta, wannan gudu ne."

"Tarbiyya ce."

"Yarinyar nan za ta ɗauka kora ce."

"Za a ce mata biza."

"Ita fa ke karanta mana takardun bizar."

Ya faɗi gaskiya, ban saurara ba. A raina alheri nake yi mata, ina mayar da ita inda za a yi mata magana. Da aka gaya mata ba ta yi gardama ba. Ta dubi Abbanta, ta dube ni, ta ce to. Ta san kwanan watan da ke fasfonta fiye da mu.

Matar wani abokin Abbanku ce za ta tafi da ita, mako guda bayan an gama gasar. Da safe muka haɗa kaya. Na sa mata audugar mata fakiti shida a ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofi, ban ce komai ba. Ta gani. Duk bayanin da ta samu daga wurina ke nan. Abbanku ne zai kai su filin jirgi. Ni na ce zan zauna da ku. A bakin lif ta durƙusa.

"Umma, ki yafe mini."

Nan ne ya kamata in ce ba ki yi komai ba. Kalma biyar. Abin da ya zo bakina shi ne amsar da ake ba duk mai tafiya.

"Na yafe miki. Allah ya kiyaye hanya."

Na yafe mata laifin da ba ta yi ba, ta shiga lif da tabbacin ta yi shi.

Wata uku ya zama shekara bakwai. Da muka nemi mata bizar dawowa aka hana, aka sake hanawa. Abin da na ƙirƙira ya zama gaskiya. Kafin a ankara ta yi nisa a makaranta, Gwaggo Ladi ta ce kada a katse mata karatu. Ita kam ta yi aikinta, Allah ya saka mata da aljanna. A makon farko ta zaunar da ita, da dariya da tsokana, ta warware mata komai, kamar yadda na san za ta yi. Hauwa ta warke, ta yi ƙiba, tana zuwa ta ɗaya a aji. Abu ɗaya ne Gwaggo ba za ta iya gaya mata ba, domin ita ma ba ta sani ba: dalilin da ya sa aka turo ta. A waya minti biyu muke yi. Lafiya lau, Umma. Makaranta lafiya, Umma. Ga Gwaggo. Sinancinta ya zube a hankali, har wata rana Abbanku ya ce mata "meyo" don ya ba ta dariya, ta ce masa ta manta yadda ake ƙarasa maganar. Duk Asabar nakan jera samfur a ƙarshen tebur kafin in tuna. Na daina bin gadar sama a lokacin tashin makaranta, saboda 'yan matan da ke saukowa da jaka a baya, akwai masu tafiyarta. Sau biyu na je Kano a shekarun nan, ta kawo mini abinci a tire ta durƙusa ta ajiye, yadda ake yi wa baƙuwa mai daraja. Labarin ta ci jarrabawar shiga jami'a ya same ni ne a garin Xintang, lokacin Abbanku ya koma sayen wandon jins, ina tsaye a tsakiyar dilolin kaya, ta bakin Gwaggo, kwana biyu bayan kowa ya sani. Da muka dawo gida gaba ɗaya na tarar da mace cikakkiya mai ladabi, wadda ba ta buƙatar komai daga wurina.

Safiya, da kika kai shekara sha ɗaya irin takardar nan ta sake zuwa. Na sa hannu a gidan "na yarda", kuma kafin a fara darasin na zaunar da ke a baranda na gaya miki komai da bakina. Ba ki ba ni wahala ba. Kina toshe kunne kina cewa "Umma, ƙazanta!" kina kuma buɗe ɗaya don kada wani abu ya wuce ki. Mukhtar, kai ma na tilasta wa Abbanka ya zauna da kai, ya fito yana share gumi. Tun bayan dawowarmu akan gayyace ni rediyo in an taso da muhawarar nan, a toshe ne ko a koyar. Nakan ce a toshe abin da za a iya toshewa, amma na zauna a ƙasar da ta fi kowace iya toshewa, kuma a kwali abin ya shigo gidana, ya tarar da yarinyar da ba a gaya wa komai ba. Nakan faɗe shi kamar labarin wata mata da na sani. Masu sauraro suna yaba mini ƙwarewa.

Ranar lallen Safiya, bayan azahar, ɗakin cike da mata, ƙawayenta suna tsokanarta, wai tunda Gwaggo Ladi ta rasu wa zai yi wa amarya huɗuba.

"Ni?" in ji Safiya. "Ai Umma ta gama da ni tun ina sha ɗaya. A baranda, a Chaina, har da zane a takarda. Babu abin da ta rage."

Aka yi shewa, wata ta ce dole, 'yar gidan muryar Laraba. Hauwa tana durƙushe tana riƙe da kwanon lalle, da goyo a bayanta. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata rai ba. Ta ɗago kai ta dube ni ta tsakanin mutane, ta yi magana a hankali, yadda ba kowa zai ji ba.

"Ashe kin iya, Umma."

Ta ci gaba da dama lallenta.

Hauwa, ban ba ki amsa ba a ranar. Ɗakin cike yake, kuma ko babu kowa ban tabbata da na iya ba. E, na iya. Tun kafin a haife ki na iya. Biza ba ta kore ki ba, katin nan ma bai kore ki ba. Ni ce na kasa buɗe baki a gabanki, sai na zaɓi in yi nesa da ke. Ba ki yi komai ba. Yafewar da na ba ki a bakin lif ba ki taɓa buƙatarta ba. Ni ke nema.